Kanyar Amurka da Kanyarmu

A gabashin Amurka, daga Connecticut har Florida, yamma kuma har Texas, akwai wata bishiya 'yar ƙasa da masana ke kira Diospyros virginiana. Dangi ɗaya take da kanyarmu. 'Ya'yanta in suna ɗanyu bauri gare su mai kama baki, ba a shan su sai sun yi luguf sun zubo a ƙarshen kaka. Daidai lokacin ne abinci ke ja baya a daji, shi ya sa barewa da yanyawa da tsuntsaye ke dafifi a gindinta, su kuma kai ƙwallonta nesa a cikin kashinsu.

Mutanen can da gangan suke shuka ta. Gandun renon itatuwa na jihar Missouri yana sayar wa manoma dashenta da arha, garin Mitchell na jihar Indiana kuwa biki yake yi mata duk shekara tun 1947. Sun kuma san halinta. Ƙwallon ba ya tsira sai ya yi wata biyu zuwa uku cikin sanyi da danshi. Saiwarta nutsewa take yi can ƙasa, don haka tun yana ƙarami ake kai dashen inda zai zauna. Babban abin shi ne akwai mace akwai namiji. Namijin fure kaɗai yake yi, ƙudan zuma su kwashi garinsa su kai wa macen. Saboda haka ba sa dasa guda ɗaya tilo, wanda ke gaggawa kuma ya yi wa dashen aure da reshen macen da aka san daɗinta, yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro.

Nan ne abin ya shafe mu, domin kanya ma mace daban, namiji daban. Manomi zai ga kanya a gonarsa shekara da shekaru ba ta haihuwa, ya ce juya ce, ya sa mata gatari. Alhali wataƙila namiji ce, kuma ita ce ke sa macen bakin rafi yin 'ya'yan da yara da birai da jemagu da dila ke ci da rani. Wannan asara tana damuna, don kanya ba ta girma da wuri, ga shi kusan ba mai dasa ta.

Manoman Maradi tun shekarun 1980 suke barin tohon itatuwa a gona lokacin sassabe, suna rage masa rassa har ya miƙe. Tsiron kanya da ke fitowa a jikin suri ko a bakin fadama haka ya kamata a bar shi, biyu ko uku kusa da juna, a kewaye su da ƙaya saboda awaki har sai sun yi fure an gane mace da namiji.