Kuɗin Raya Unguwanni: Haƙƙi Ne, Ba Alfarma Ba

Duk wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal zai ga kwalta da shaguna da hada-hada, har ya ɗauka gari ya ci gaba. Amma ya sauka daga mota ya kutsa cikin lunguna a tsakiyar damina, zai tarar da wani gari dabam: kwata ta toshe, kududdufi ya tumbatsa har gindin katanga, gidajen ƙasa suna zubewa, yara suna kwance da zazzaɓin sauro. Haka abin yake a cikin garin Kebbe, haka yake a Dogon Daji da Sanyinna da Kuci. Waɗannan lunguna su ne ake ambata a takarda duk lokacin da za a ware kuɗin raya unguwannin talakawa, su ne kuma ake mantawa da su ranar rabo.

Ba yau aka fara ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI don hanyoyi da ruwan sha a karkara. Zamanin Abacha aka zo da PTF. Da farar hula suka dawo sai ga ayyukan mazaɓu, waɗanda Shugaba Buhari da bakinsa ya ce a 2019 sun ci kimanin naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Bayan duk wannan, ƙididdigar da hukumar NBS ta fitar a 2022 ta nuna jihar Sakkwato ce kan gaba a talauci a duk faɗin ƙasar nan, kusan mutum tara cikin goma. To ina kuɗin suka shiga?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Mai mulki ya fi son aikin da ido zai gani daga cikin mota: shataletale, fitilun kan titi, ƙofar gari mai fenti. Magudanar ruwa a bayan gidan tsohuwa ba a yanka mata kyalle, ba a kiran 'yan jarida, saboda haka ba ta shiga lissafi. Wani lokaci ma kalmar "gyara" rusau take nufi. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta baje unguwar Maroko, ta watsa mutane kimanin dubu 300, filin kuma ya koma hannun masu hali. Duk gyaran da zai kori mai unguwa daga unguwarsa ƙwace ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

'Yan uwa matasa, akwai darasi a nan gida. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wanda kuma ya zama Gwamna daga 2015 zuwa 2023. Ba mu ce ba a yi komai ba. Abin da muke cewa shi ne, samun ɗa a sama bai isa ya yashe kwatar unguwa ba. Jama'ar da ta zauna jiran a tuna da ita, za ta daɗe tana jira.

Yanzu kuwa uzurin rashin kuɗi ya ragu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, alhali talaka ne ke biyan farashin a kasuwa da tasha. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, duk da cewa an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Wannan dukiya amana ce a hannun shugabanni, kuma tambayar mai riƙon amana ba rashin kunya ba ne.

Don haka muna kira da a yi abu uku. Na farko, matasan kowace unguwa su zauna da dattawa da mai unguwa da liman, su rubuta buƙatunsu bi da bi: wace kwata, wace rijiyar burtsatse, wane aji ne rufinsa ya yaye. Na biyu, a kai takardar ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a karɓi shaidar an miƙa, a ajiye kwafi. Ana buga kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce, a amsa masa cikin kwana bakwai. Na uku, idan aiki ya zo, a sa masa ido: nawa aka ware, wa aka ba, yaushe zai gama. Hukumar ICPC tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma tana karɓar ƙorafi.

A yi wannan cikin natsuwa da ladabi, ba zagi, ba jifa, kuma kada a yarda wani ɗan siyasa ya mai da shi abin yaƙar abokin hamayyarsa. Wanda ya karɓi dubu biyu ranar zaɓe ya sayar da bakinsa na shekara huɗu. Sannan mu ma mu sauke namu nauyin: aikin gayya na yashe magudanai kafin saukar ruwa, da daina zuba shara a cikinsu, ba sa jiran kasafin kuɗi.

Damina ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Idan ba a tashi tun da rani ba, katangar da ta tsage bana ita za ta faɗa kan yara baɗi. Allah Ya ba mu ikon tsayawa kan gaskiya, Ya kuma kama hannun shugabanni zuwa ga adalci.