Nauyin da masu rubuta manhaja ke ɗora wa talakan Limanti

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 jama'a ke kokawa da tsada, amma ba a cika tambayar me ke cinye datar ba. Matashin unguwar Limanti a Maiduguri da ya buɗe shafin neman aiki a ƙaramar wayarsa yakan sauke kayan da ba dominsa aka yi ba, kuma shi ke biya.

Mai rubuta manhaja yakan dasa makunnai cikin aikinsa: wannan sashe na gwaji ne, wancan na ma'aikata, wancan kuma na jama'a. Idan aka tsayar da matsayin makunni tun lokacin haɗa manhajar, kayan aiki irin su webpack da Vite kan yanke sashen da aka kashe kafin a fitar da ita. Idan kuwa aka bar wa wayar mai amfani hukuncin, sai ta sauke komai tukuna, sannan ta ɓoye abin da ba a so ya gani. Data ta tafi, caji ya ragu, a birnin da ya daɗe cikin duhu bayan lalata turakun wutarsa a 2021.

Ɓoyewa kuma ba cirewa ba ce. Duk abin da ya isa burauza, mai ido zai iya karanta shi, har da mabuɗin sirrin da aka cusa cikin makunni saboda gaggawa.

Tsohon makunni ma haɗari ne. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya sake amfani da wani tsohon makunni, ya tayar da umarnin da aka daɗe da jinginewa, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke ba da kwangilar shafukan jama'a su gindaya sharuɗɗa uku: a yanke sashen gwaji kafin fitarwa, a gwada shafin a waya mai araha inda sabis ke da rauni, a kuma sa wa kowane makunni ranar cirewa. NITDA na da hurumin shimfiɗa wannan ƙa'ida, Jami'ar Maiduguri kuma ta koya wa ɗalibanta ita tun daga aji. In ba haka ba, za a ci gaba da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.