Guntun Tikitin Da Ke Cikin Akwati

Wanda ya taso a Amarawa ya san hanyar Illela zuwa Birnin Ƙwanni kamar tafin hannunsa, kuma ba fatauci kaɗai ke kai mutane can ba. Akwai kallo. Kokawar gargajiya ta cin takobi, wadda Nijar ta fara a Tawa a 1975, ta daɗe tana jan 'yan kallo daga wannan ɓangaren iyaka, haka gidajen dambe da sinimomin Sakkwato a zamaninsu.

A bakin ƙofa mai karɓa zai yage tikitin biyu, ya miƙo maka rabi. Wannan rabin ne abin magana. Wani ya cusa shi a aljihu ya manta har mai wanki ya jiƙa shi. Wani kuwa ya adana shi a ƙasan akwati tare da katin ɗaurin aure da tsohon hoto, bayan shekaru ya zaro ya ce wa 'ya'yansa, ranar nan ina wurin.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da yawa sun saba da tura kuɗi ta waya ko biya ta POS. Sauƙi ne, ba musu. Sai dai shaidar da ke cikin waya, ran da wayar ta faɗa ruwa ko aka sayar da ita, ta tafi.

Ra'ayinmu, masu shirya wasa su ci gaba da buga ɗan tikiti mai kwanan wata da sunayen 'yan wasa, ko da an biya ta waya. Tikitin haraji na kasuwa da tasha dai har gobe ana yankar mana shi, kuma ba mu ga mai ajiye shi don marmari ba.