Wa Ya Gina Randar Gidanku?

'Yan uwa marubuta, a Amurka akwai masu tara tsofaffin tangaran masu ƙyalli da ake kira majolika. Da sun kifa faranti sun ga tambarin GSH, sun san aikin kamfanin Griffen, Smith & Hill ne na garin Phoenixville, a shekarun 1880. Da tambarin ake bin sawun masu aikin.

Mu fa? Randar ɗakin kakata a Danwarai ta girme ni, amma ko kakar ta manta wadda ta gina ta. Ladi Kwali ta tsira daga mantuwa: ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, tana sa LK a tukwanenta, yau hotonta na kan naira ashirin.

Maginanmu ba su da tambari, ga roba tana korar tulu daga kasuwar Jega. Alƙalaminmu ne tambarinsu. Kafin mu ƙara wani labarin soyayya, kowa ya nemi maginiya ɗaya a Aliero ko Maiyama, ya rubuta sunanta, inda take haƙo yumɓu, da wadda ta koya mata. In ta rasu, wa za mu tambaya?