A Daina Ba Amsa Maki Alhali Ba a Ga Fomula Ba

A darasin lissafi na allo da alli, malami ba ya karɓar amsa tsurarta. Sai ɗalibi ya nuna hanyar da ya bi. Abin mamaki shi ne yadda wannan ƙa'ida ke ɓacewa da zarar aikin ya koma cikin Excel. Ɗalibi ya kawo takarda mai jerin lambobi, malami ya duba jimillar ƙasa, ya ga ta dace, ya ba da maki. A ganina wannan sakaci ne, kuma maganinsa shi ne a wajabta buga fomuloli tare da sakamako.

Kowane akwati a jadawalin lissafi fuska biyu gare shi: lambar da ido ke gani, da umarnin da ya haife ta. Ɗalibin da ya rubuta =SUM(B2:B31) da wanda ya tara lambobin a kalkuletar wayarsa ya shigar da amsar da hannu, takardunsu iri ɗaya za su fito. Na farko ya gina abin da zai gyara kansa idan an sauya lamba ɗaya. Na biyu zane kawai ya yi.

Mu ɗauki harajin VAT a Nijeriya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Akawun da ya cusa 0.05 cikin kowace fomula sai da ya bi layi-layi yana farauta. Wanda ya ajiye adadin a akwati ɗaya, ya nuna shi da $C$1, wuri guda ya taɓa. Wannan ɗabi'ar ce ake son a koyar, kuma ba a ganinta a shafin sakamako.

Abin ya wuce aji. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa cewa haɓakar tattalin arziki na durƙushewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa. 'Yan siyasa suka riƙa kafa hujja da binciken wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya samu ainihin fayil ɗin, ya tarar cewa fomular matsakaici ta tsallake ƙasashe biyar, ciki har da Kanada da Denmak. Wannan ɗaya ne daga cikin matsalolin binciken, amma shi ne wanda duba fomula kaɗai ya isa ya tona.

Yin hakan ba shi da wuya. A danna Ctrl tare da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, fomuloli su bayyana a gurbin lambobi. A kunna buga haruffan ginshiƙai da lambobin layuka a saitin shafi, domin B7 ba shi da ma'ana ga wanda bai ga inda B7 yake ba. A kwantar da takardar, tunda ginshiƙai kan faɗaɗa. Daga Excel 2013 kuma akwai FORMULATEXT, mai ajiye fomula kusa da amsarta.

Za a ce takarda na cin kuɗi, kuma buɗe fayil ya fi. Gaskiya ne, fayil ya fi ba da cikakken bayani, kuma inda ɗalibai ba su da yawa shi ya kamata a nema. Amma malamin da ke da aji mai cunkoso da wutar da ba ta da tabbas ba zai bi akwatuna ɗaya bayan ɗaya ba. Shafi guda kuwa zai karance shi da jan biro cikin ɗan lokaci. Ɗaliban nan su ne gobe za su riƙe lissafin albashi da kasafin ma'aikatu. Tun ran gini, tun ran zane: a saba musu da cewa za a duba hanyar da suka bi.