Sun ba mu dariya, sun tsufa suna neman taimako: darasin Karkuzu da T.T. ga matasan zongo

A watan Maris na 2025 aka sanar da rasuwar Malam Abdullahi Shu'aibu, wanda duniya ta fi sani da Karkuzu na Bodara, a garin Jos, bayan ya haura shekara 90. Iyayenmu sun san shi tun yana wasan kwaikwayo a talabijin a shekarun 1980. Mu kuwa yaran yanzu, da yawanmu mun fara ganin fuskarsa ne a wani bidiyo da ya zagaya wayoyi a 2023: tsoho, idanunsa sun tafi, yana neman a taimaka masa da wurin zama. Ɗan ƙwallon Najeriya Ahmed Musa ne ya saya masa gida bayan haka. Allah ya saka masa da alheri.

Mu da ke Gana mun taɓa ganin irin wannan a gida. Psalm Adjeteyfio, wato T.T. na wasan Taxi Driver, ya fito a 2021 yana cewa kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ba shi sidi 50,000, wasu ma suka taimaka. A watan Afrilu na 2022 ya rasu. Ƙasa daban, harshe daban, amma ƙarshen labarin ɗaya ne: mutumin da kowa ya san fuskarsa, sai da ya roƙa a bainar jama'a kafin a tuna da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, ƙannenmu sun kama wannan hanyar. Daga Nima zuwa Sabon Zongo, daga Ashaiman zuwa Aboabo a Kumasi, da wuya ka zauna a majalisar shan ataya ba ka ga masu shirya barkwanci don TikTok ko gajeren fim don YouTube ba. Wasu har sun fara suna. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu fara da yadda kuɗin fim yake tafiya. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya a Kano a 1990. Daga kaset aka koma faifan sidi, kuma 'yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai, su ne ke riƙe da sayarwa. Ɗan wasa ana biyansa sau ɗaya ne, ranar da ya gama aiki. Ko fim ɗin ya yi shekara 10 ana kallo, ba abin da zai sake shiga aljihunsa. Ba albashi, ba fansho, sau da yawa ba ma takardar yarjejeniya. Ranar da ka kwanta ciwo, ranar samu ya tsaya.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Faifan da muka riƙa saye a bakin titi a zongo, wanda ake cusa finafinai da yawa a ciki, yawancinsa kwafi ne na sata. Daga baya muka koma tura wa juna a waya kyauta. Mun yi dariyar Rabilu Musa Ibro har hawaye, amma nawa ne daga cikin kuɗinmu ya isa Kano? Ibro ɗan Ɗanlasan ne, ya bar aikin gandurobanci ya rungumi wasa, ya zama sunan da ko yaron da bai taɓa taka Najeriya ba ya sani. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan jinya, yana da shekara 40 da 'yan kai. Ba muna cewa duk wanda ya rasu a cikinsu ya mutu da talauci ba. Muna cewa sana'ar ba ta tanadar wa kowa komai ba, kowa da sa'arsa.

Kasuwar faifai ta mutu, aka koma tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da kuma finafinai masu dogon zango a YouTube irin su Izzar So. Wannan ya rage satar fasaha, amma bai sauya lissafin ɗan wasa ba. Kuɗin talla yana shiga asusun mai tashar ne. Wanda ya fito a ciki, idan ba a rubuta masa kaso ba, abin da aka ba shi ranar ɗauka shi ke nan. Matashin zongo da ke fitowa a tashar abokinsa don zumunci ya kamata ya san wannan tun yau, kafin tashar ta fara kawo dala, zumuncin ya lalace.

Abu na biyu shi ne hanya. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, yana kan ganiyarsa. Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ita ma hatsari ne ya yi ajalinta a farkon 2010. Kamal Aboki, matashin mai barkwanci da yaranmu ke bi a waya, ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga Maiduguri a Janairun 2023. A nan Gana, mawaƙiya Ebony ta rasu a hanyar Sunyani zuwa Kumasi a Fabrairun 2018, tana da shekara 20. Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma sana'ar nishaɗi sana'ar tafiya ce: yau wasan Sallah a wannan gari, gobe ɗaukar fim a wancan, a gaji, a yi dare, a matsu a isa. Wanda zai rayu a kan hanya dole ya yi tunanin wanda zai bari a gida.

Abu na uku ya shafi iyayenmu da malamanmu, kuma muna faɗa cikin ladabi. A gidajenmu da yawa, yaro ya ce zai yi fim, an ɗauke shi ɗan iska ke nan. Sai ya ɓoye, ya yi abinsa ba mai ba shi shawara, ba mai duba takardar da zai sa wa hannu. Alhali Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, tsohon soja ne da ya yi amfani da wasa ya nuna wa farar hula rayuwar bariki. Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya fito a Magana Jari Ce ta talabijin, wasan da ya kai labaran littafin gidajen da ba a karanta shi ba. Saratu Gidado, Daso, da ta rasu a ƙarshen azumin 2024, ta yi suna da fitowa a muguwar uwa ko kishiya, kuma mutane da yawa sun ga aibin halin ne ta dalilin wasanta. Mu 'yan zongo da aka haifa nesa da ƙasar Hausa, wani kaso na Hausar da ke bakinmu daga waɗannan mutane muka tsince shi. Akwai abin gyara a fim, ba mu musa ba. Amma gyara sai da kusanci. Wanda aka kora ba ya jin nasiha.

To me za mu yi? Abubuwan da ke hannunmu ba su da wuya.

Duk ƙungiyar wasa ko barkwanci a unguwa ta buɗe susu na jinya da rasuwa, kowa ya riƙa zuba abin da aka yanke duk mako, a sa dattijo ɗaya amintacce ya zama shaida. Iyayenmu mata sun daɗe suna yi a kasuwa, ba sabon abu ba ne.

Kowane ɗan ƙungiya ya kasance katinsa na NHIS yana aiki. Ana sabuntawa ta waya da *929#, ba sai an bi layi ba.

Wanda ya fara samun kuɗi ya yi rajista da SSNIT. Mai sana'ar kansa ma yana iya shiga, kuma wanda ya zuba na wata 180, wato shekara 15, yana da haƙƙin fansho idan ya kai shekarun ritaya. Mai shekara 25 da ya fara yau, zai cika sharaɗin yana ɗan 40.

Kafin a kunna kyamara a rubuta: wa ke da tashar, nawa ne kason kowa, wa zai gaji kason idan mutum ya rasu. Ko a takardar littafin makaranta ce, a sa hannu gaban shaidu biyu. Addininmu ma ya koyar da rubuta bashi.

Kada kowa ya bar makaranta ko sana'ar hannu saboda mabiya sun ƙaru. Ɗinki, gyaran waya, tuƙi, walda, duk suna nan ranar da jama'a suka koma kallon wani.

Mu masu kallo kuma, mu kalli aiki a tashar mai shi maimakon saukewa mu rarraba. Idan an shirya wasan Sallah a unguwa, mu biya kuɗin ƙofa, mu daina cewa ai ɗan gida ne.

Muna roƙon sarakunan zongo da limamanmu su kira waɗannan yara su zauna da su, su ji abin da suke yi. A kowace unguwa kuma akwai tsohon makaɗi ko tsohon ɗan wasa da ya raya bukukuwan iyayenmu, yanzu yana zaune a ɗaki shiru. Mu neme shi a wannan makon, tun yana iya amsa gaisuwa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani.