Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Sanin kowa ne cewa a shekarun 1990 ne aikin buga kundayen bincike ya fara komawa kan kwamfuta a ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya je Zurmi ya tattaro tarihin Kassu Zurmi, ko ya bi ta Shinkafi zuwa Isa neman labarin Narambaɗa, yakan adana wahalarsa ne a faifan fulofi ko a rumbun ajiyar kwamfutar mai buga masa. To, kamfanin Sony ya daina yin fulofi tun 2011, rumbunan wancan zamani kuwa kullum mutuwa suke yi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a zubar da tsofaffin injinan nan. Dalili kuwa, kafin tsarin Yunikod ya yaɗu, da haruffa na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro. In aka buɗe irin wannan rubutu a sabon inji wanda ba shi da haruffan, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi. Tsohon injin ne ke riƙe da haruffan da manhajar da ta san su.

Maganin ba mai tsada ba ne. Akwai ɗan mahaɗi da ake soka wa katin ajiya na CompactFlash, a jona shi a mazaunin rumbu mai haƙora 40, injin ya ɗauke shi tamkar rumbunsa na asali. Akwai kuma na'urar Gotek, wadda ke zama a gurbin fulofi tana karanta filashi. Ta haka injin zai ci gaba da aiki har a kwashe abin da ke cikinsa.

Wasu za su ce ɓata lokaci ne a kan kayan da suka tsufa. Gaskiya ne mahaɗi ba ya mai da tsoho yaro, gada ce kawai ta tsallakar da rubutun zuwa Yunikod. Amma wanda ya rushe gada kafin ya haye, bakin kogi zai kwana.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa su haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Su kawo faifan, ita ta kawo masu gyara. Dattawan da aka yi hira da su da yawa sun riga mu gidan gaskiya, ba za a sake jin ta bakinsu ba.